Yadda za ka kare kunnenka daga hayaƙin taba

'Yan fada na Yamai, ku saurara. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana matse jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar oksijin da ke kaiwa can cikin kunne, to ƙananan gasun da ke ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa fa, shikenan.

Ka sa ranar barin taba, ka gaya ma abokan shayi kar wanda ya miƙo maka kara, har shisha, ita ma taba ce. Kar ka sha cikin ɗaki kusa da yara, hayaƙin na jawo musu ciwon kunne da ruwa. In kunnenka ya fara ƙugi ko kana yawan cewa "me ka ce?", tafi wurin lokotoron ORL, wato na kunne, hanci da maƙogwaro, a auna jinka.