Yadda ake sa wa laftof ɗin DJ faifan SSD ba tare da waƙoƙi sun ɓace ba

Idan laftof ɗin da kake wasa da shi har yanzu faifai mai juyawa ne a cikinsa, wato HDD, to sauya shi da SSD, faifan da ba ya juyawa. Irin wannan faifan yawanci sau 5400 yake juyawa a minti, kuma da ƙyar yake karanta megabayit 100 da 'yan kai a daƙiƙa, alhali SSD na SATA, wato mai irin mahaɗar da HDD ke amfani da ita, yana kaiwa wajen 500. Amma ni ba gudun ne ya fi ɗaukar hankalina ba. A cikin HDD akwai ɗan hannu da ke shawagi bisa faifan yana karatu, kuma girgizar manyan sifiku tana iya sa ya kuskure wuri ana tsakiyar rawa. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa.

Sai dai kar ka saye shi don sauti yana tsittsinke maka. Waƙar MP3 mai 320 kbps kilobayit 40 kawai take ja a daƙiƙa, ko tsohon faifai ba ya jin nauyinta. Wannan matsalar ka neme ta a saitin bafa (yawan sautin da manhaja ke tarawa kafin ta fitar), ko direban katin sauti, ko zafin da kwamfutar ke ɗauka. Abin da SSD zai ba ka shi ne saurin tashin kwamfuta da buɗe manhaja, da saukar waƙa kan dek, wato wurin kunna waƙa a manhajar DJ, nan take.

Da farko duba wurin da faifan zai zauna. Tsofaffin laftof suna ɗaukar mai inci 2.5 na SATA, sababbi kuma M.2, wanda shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Masu MacBook na 'yan shekarun nan su haƙura, nasu a manne yake da allon kwamfutar, sai dai SSD na waje. Girma kuwa, ni ba na ba DJ shawarar ƙasa da 1TB. Fayil ɗin WAV yana cin kusan megabayit 10 a kowane minti, ga bidiyo in kana haɗawa da shi. Kuma kar tsadar NVMe mafi gudu ta ruɗe ka, kunnen ɗan rawa ba zai ji bambancin ba.

Yanzu ga inda na ga yara da yawa sun faɗi. Manhajar DJ ba waƙoƙinka take riƙewa ba, adireshinsu take riƙewa. Ta san cewa waƙa kaza tana faifan D, cikin folda kaza. Sai mutum ya sa sabon faifai, ya ɗora Windows sabuwa, ya zuba waƙoƙin a faifan C, ko ya ce bari in yi amfani da damar in gyara sunayen foldoji. Yana buɗe manhaja sai ya tarar jerin waƙoƙin na nan amma ko ɗaya ba ta hawa dek. Wani ma jerin gaba ɗaya ya tafi, har da alamomin shiga da ya yi shekaru yana sawa, don bai kwafi rumbun bayanan da manhajar ke ajiye su a ciki ba.

Saboda haka kafin ka taɓa sukudireba, kwafe wannan rumbu zuwa faifan waje. Kowace manhajar DJ da nata. A Serato foldar _Serato_ ce, tana cikin foldar Music, kuma akwai wata a kan kowane faifan da ka ajiye waƙa a kai, kar ka manta da ita. A Traktor fayil ɗin collection.nml ne, a VirtualDJ database.xml. Shi kuwa rekordbox yana da Backup Library a cikin menu, yi amfani da shi. Rubuta harafin faifan waƙoƙinka a takarda. Bayan sauyi, in Windows ta ba shi wani harafi, shiga Disk Management ka mayar masa da na da tun kafin ka buɗe manhajar. A manhajar DJ akwai Relocate na nemo ɓatattun fayiloli, amma aikin wahala ne in waƙoƙi masu suna iri ɗaya sun yi yawa.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon, komai ya zauna inda yake. Haɗa SSD da kebul ɗin USB zuwa SATA, wanda ba shi da tsada, ka yi aikin da Clonezilla ko manhajar kamfanin faifan. In BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne yake, ajiye mabuɗinsa tukuna. Ka kuma tabbata kana tune da kalmar sirrin asusun manhajarka, don tana iya neman ka sake shiga.

Sauran aikin ba wuya. Kashe kwamfuta, cire caja da batir, kwance noti, zare tsoho, sa sabo. Kunna, haɗa kwantrola, ka yi wasan awa ɗaya ko biyu a ɗaki kana tsallake-tsallake tsakanin jeri. Kar ka cika faifan fal, bar masa kamar kashi 15 cikin 100. Kuma ban yarda a yi wannan sauyin ana gobe wasa ba.

Tsohon faifan kar ka goge shi. Saka shi a akwatin USB ya zauna cikin jakar aiki, domin SSD in zai mutu sau da yawa ba ya yin ƙarar gargaɗi irin ta HDD.