Yadda za ka zagaya Balmoral ka fahimci tarihinsa

Idan Allah ya kai ka Aberdeen a Sukotland, ka ware yini guda ka je Balmoral, gidan hutun sarakunan Birtaniya da ke cikin tsaunuka a bakin kogin Dee, kimanin kilomita 80 yamma da birnin. Jirgin ƙasa ya daina zuwa yankin tun 1966, don haka bas za ka shiga ka sauka a ƙauyen Crathie. Ka je tsakanin Afrilu da Yuli, domin cikin Agusta masu gida ke isowa, a rufe ƙofa. Kada ka manta da rigar ruwa da takalmi mai ƙwari.

Gadar ƙarfen da za ka tsallaka daga Crathie, injiniya Brunel ne ya tsara ta, aka gama a 1857. Da ka shiga, kafin ka nufi ginin, nemi wani dutse a cikin ciyawar filin. Nan ƙofar tsohon gidan take, wanda Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert suka karɓa haya a 1848. Albert ya saye wurin a 1852, gidan ya yi musu kaɗan, sai aka kira William Smith na Aberdeen ya zana sabo. An aza harsashi a 1853, an kammala a 1856, aka rushe tsohon. Ka kuma sani cewa Balmoral ba mallakar gadon sarauta ba ne, dukiyar iyali ce. Shi ya sa da Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a 1936, sai da ƙanensa George na Shida ya saya daga hannunsa.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni yana kan tuddai, kuma a nan nake so ka daɗe. Victoria ta sa an jera tarin duwatsu a cikin daji: ɗaya na ranar mallakar wurin, wasu na auren 'ya'yanta. Mafi girma shi ne dalar da ta gina wa Albert a 1862, shekara guda bayan rasuwarsa yana da shekara 42. Hawan akwai gajiya, amma kada ka fasa. Mutumin da ya tsaya kan aikin gidan nan shekara biyar kacal ya yi bayan kammala shi, ita kuwa ta ci gaba da zuwa har 1900.

Da ka sauko, shiga babban zauren rawa, inda aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu bayan ta rasu a gidan ranar 8 ga Satumba, 2022. Sauran ɗakunan ciki sai a 2024 aka fara buɗe wa baƙi, tikitinsu kaɗan ne, don haka ka saya ta intanet tun kafin ka taso.