Yadda ake sharhin tsohuwar mujallar jaruman zane, da misalin Spider-Man fitowa ta 121

Abu na farko shi ne ka tabbatar da wane bugu ne a hannunka. Yawancin tsofaffin labaran da suka yi suna an sake buga su sau da yawa, kuma ba kullum sabon bugu ke zama daidai da na asali ba. Buɗe shafin farko ka duba ƙasa, za ka ga wasu ƙananan haruffa da ke ɗauke da cikakken sunan mujallar, da lambar fitowa, da wata da shekara, da kamfanin da ya buga. Wannan shi ne abin dogaro, ba abin da ke bango ba. Watan da aka rubuta kuma ba shi ne watan da ta shiga kasuwa ba: kamfanonin Amurka kan sa kwanan watan gaba da wata biyu zuwa uku domin kada mujalla ta yi saurin tsufa a wurin masu sayar da jarida. The Amazing Spider-Man ta 121 tana ɗauke da Yunin 1973, kuɗinta santi 20, amma ta isa hannun masu karatu tun kafin Yuni. Saboda haka rubuta "mai ɗauke da kwanan watan Yuni", kada ka ce "ta fito a Yuni".

Ga dalilin da ya sa wannan binciken ba ɓata lokaci ba ne. A bugun asali na wannan fitowa, rubutun ya ce faɗan ƙarshe a kan gadar George Washington aka yi shi, alhali gadar da aka zana ta Brooklyn ce. Wasu bugun baya sun gyara rubutun. Wanda ya karanta gyararre ya ce babu kuskure, da wanda ya karanta na asali ya ce akwai, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, sai dai ba abu ɗaya suke sharhi a kai ba. Faɗi bugun da ka karanta a layukan farko, ko na takarda ne ko na intanet.

Launi ma haka. Mujallun wancan zamani a kan takardar jarida mai araha aka buga su, da launuka 64 kacal, waɗanda ake samu ta haɗa shuɗi da ja da rawaya a matakin kashi 25, 50 ko 100. Takardar tana shan tawada, sai launin ya yi sanyi. Idan aka ɗora launukan nan a farar takarda mai sheƙi ko a fuskar waya, sai su yi kaifi har su cika ido. Kada ka zargi mai launin 1973 da abin da injin bugun yau ya jawo.

Sai maganar waye ya yi me, kuma a nan ne sharhi da yawa ke zamewa. Gerry Conway ne ya rubuta labarin, yana ɗan shekara 20. Gil Kane ya yi zanen fensir, John Romita ya bi da tawada, shi ne kuma ya zana bango. A tsarin aikin Marvel, kamfanin da ya buga mujallar, na lokacin, marubuci kan ba da ƙashin labari ne, mai zane ya rarraba shi shafi-shafi, sannan a dawo wa marubuci ya saka maganganu. Ma'ana, inda aka tsaya, da inda aka yi sauri, da girman kowane akwatin zane, galibi shawarar mai zane ce. In ka yaba tafiyar labarin ka ba marubuci ladan duka, ka tauye mai fensir. Duba jiki da motsi da kusurwar da aka hango abu, wannan aikin fensir ne. Kaurin layi da inuwa da gyaran fuska, a nan hannun mai tawada ya fi fitowa.

Karanta fitowar sau uku. Na farko a zama ɗaya, ba biro ba takarda. Na biyu ka rufe maganganun ka bi zane kaɗai, ka ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Na uku ka ɗauki takarda ka rubuta lambar shafi, da yawan akwatunan da ke cikinsa, da abin da ya canza a shafin. Labarin bai wuce shafi ashirin ko kusa da haka ba, sauran talla ne da wasiƙun masu karatu, don haka aikin ba mai yawa ba ne.

A karatu na uku za ka gane cewa nauyin fitowar nan kusan duk yana kan akwati ɗaya. Green Goblin, mugun labarin, ya ture Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, daga saman gada, Spider-Man ya harba zarensa ya kamo ƙafarta, kuma kusa da wuyanta an saka wata 'yar ƙaramar kalmar sauti mai nuna wani abu ya karye. Goblin ya ce faɗowar ce ta kashe ta. Zanen yana nuna wani abu daban: fizgar da zaren ya yi mata ce. Daga baya shafin wasiƙu na fitowa ta 125 ya tabbatar da cewa fizgar ce. Sharhi mai kyau zai tsaya a nan ya daɗe, ya bayyana girman kalmar, da inda aka ajiye ta, da yadda maganar mugun ta saɓa wa abin da ido ya gani. Lura kuma cewa an ɓoye sunan labarin har sai shafin ƙarshe, bangon kuwa fuskokin makusantan jarumin ya jera ya bar mai saye da tambayar waye zai mutu. Mu yau mun san amsar tun kafin mu buɗe. Mai karatun 1973 bai sani ba, kuma a lokacin ba a saba ganin jarumi ya kasa ceton budurwarsa ba. Dole sharhinka ya raba hukunci biyu: yadda abin ya yi aiki a zamaninsa, da yadda yake karantuwa yanzu.

Tarihin da mai karatu ke buƙata kaɗan ne, kada ka juye masa duka. Ya isa a ce Gwen ta fara bayyana a fitowa ta 31 a 1965, mahaifinta ya mutu a ta 90, Norman Osborn kuma, wato Goblin, ya san cewa Peter Parker shi ne Spider-Man tun fitowa ta 39 a 1966. Karanta ta 122 kafin ka yanke hukunci, domin labarin a can ya ƙare.

Kada suna ya rufe maka baki. Gwen ba ta da wata rawar kirki a labarin da ya ɗauki sunanta. A sume take a wurin da ya fi muhimmanci, mutuwarta kuma an gina ta ne don a ga baƙin cikin namiji. Wannan suka ce mai tushe, a faɗe ta tare da lambar shafi. Yawan surutun da jarumi ke yi shi kaɗai yana bayyana abin da zane ya riga ya nuna, wannan salon zamanin ne, ambato ɗaya ya wadatar.

Taƙaita labari kada ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na rubutunka, ka kuma gargaɗi mai karatu kafin ka tona ƙarshe. Hotuna biyu ko uku na akwatunan da kake magana a kai sun isa, ba shafuka cikakku ba, domin haƙƙin mallaka na kamfani ne. Darajar kuɗi da makin lafiyar takarda, irin wanda CGC, kamfanin da ke tantance lafiyar mujallu, ke bayarwa daga 0.5 zuwa 10, wani fage ne daban da ingancin labari, kada a cakuɗa su. In kuwa ta asali ce a hannunka, wanke hannu ka busar, ka shimfiɗa ta a tebur, kada ka lanƙwasa bango baya, domin tsohuwar takardar jarida daga wajen ƙarfen ɗinki take fara tsagewa.