Yadda Baƙo Zai Tsara Yininsa da Darensa a Garin Shaƙatawa na Bakin Teku

Wanda ya sauka a garin shaƙatawa na bakin teku yakan fara da tambayar wuraren da ake zuwa kallo, alhali abin da ya fi dacewa ya fara nema shi ne jadawalin cikowar ruwa da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi ruwan teku yana cikowa sau biyu, ya kuma ja baya sau biyu, cikin awa 24 da minti 50, saboda jan da wata yake yi masa, shi ya sa lokacin yake ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, ruwan ya fi hawowa sama, ya kuma fi yin nisa idan ya janye. Ana samun wannan jadawali a otal, ko ofishin yawon buɗe ido, ko a intanet, kuma a kansa ya kamata a ɗora sauran tsarin yini.

Idan garin yana da tashar masunta, a same ta tun da sassafe, lokacin da kwale-kwale suke dawowa ana sauke kifi ana ciniki, domin a nan ake ganin ainihin rayuwar mutanen wurin, wadda ba don baƙi aka shirya ta ba. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Sa'ad da ruwa ya janye kuwa, rairayi yakan buɗe, ƴan ramukan duwatsu su bayyana cike da ƙaguwa da ƙananan kifaye, sai dai duk wanda ya bi gindin dutse ya yi nisa, wajibi ne ya san lokacin dawowar ruwa, don kada ya tare masa hanya.

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma hasken rana ya fi ƙona fata, kuma ruwa da farin yashi suna maido da shi, iska mai sanyi kuma tana hana mutum jin illar sai daga baya. Wannan shi ne lokacin shiga gidan tarihi, ko gidan kallon halittun ruwa, ko hawa hasumiyar da take haska wa jirage hanya idan ana barin baƙi su hau. Wanda ya zaɓi zama a bakin ruwa ya nemi inuwa, ya yawaita shan ruwa, ya kuma sake shafa man kariya daga rana duk bayan awa biyu.

Maganar iyo tana buƙatar a tsaya a kanta. A gaɓoɓin da ake gadi, tutoci masu launin ja da rawaya suna nuna iyakar wurin da masu ceto suke sa wa ido, jar tuta kuma gargaɗi ce mai ƙarfi cewa ruwan yana da haɗari. Abin da ya fi yaudarar baƙi shi ne wani siririn rafi a cikin ruwan tekun kansa, da yake gudu daga gaɓa zuwa cikin teku, wanda sau da yawa samansa yakan zama lumui, har mutum ya zaci nan ne ya fi aminci. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin ƙarfinsa zai ƙare; ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa, idan kuma ya gaji ya kwanta rigingine a kan ruwa ya ɗaga hannu. Haka kuma, kada a shiga jirgin yawo da ba shi da rigar ceto ga kowane fasinja, kuma a daidaita kuɗi kafin a tashi.

A ganina, babu lokacin da ya kai faɗuwar rana daɗi a irin wannan gari, sa'ad da titin bakin ruwa yake cika da masu tattaki, ana kunna fitilu, masu kiɗa suna fitowa. Yana da kyau a riƙe riga mai ɗan kauri, saboda ƙasa ta fi ruwa saurin hucewa, iska kuma takan juya ta riƙa busowa daga tudu zuwa teku. Hidimar dare iri-iri ce: akwai kasuwar dare da wuraren wasan yara da gidajen cin abinci masu kallon ruwa, waɗanda suka dace da iyali, akwai kuma gidajen rawa da suke kai wa tsakar dare, galibi a unguwa guda. Tun da rana ya kamata a tambayi ma'aikatan otal wace unguwa ce ta wane irin taro, mai son barci da wuri kuma ya kama masauki nesa da hayaniya.

Kafin fita a tabbatar da hanyar dawowa, a san lokacin motar ƙarshe, ko a ajiye lambar tasi mai rajista, a kuma bar fasfo da yawancin kuɗi a ma'ajiyar otal. Kada a shiga ruwa da dare, musamman wanda ya sha abin maye, domin masu ceto sun tashi, duhu kuma yana ɓoye igiyar ruwa. A gaɓoɓin da kunkurun teku yake fitowa saka ƙwai, a kashe tocila da fitilar kyamara, saboda hasken yana rikita ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe, su juya wa teku baya su nufi tudu.