Yadda ake auna fim ɗin Indiya da aka ciro daga tsohon littafi

Masu rubuta sharhin fim a Facebook, har da wasu ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sukan yi kuɗin goro: da fim ya ba su haushi sai su haɗa darakta da labari da jarumi su yi watsi da su gaba ɗaya. Abubuwa uku ne, kuma kowanne da ma'auninsa. Saawariya na 2007 ya isa misali. Sanjay Leela Bhansali ya ɗauko shi daga gajeren labarin marubucin Rasha Dostoevsky na 1848 mai suna White Nights, fim ɗin ya faɗi a kasuwa, amma a cikinsa Ranbir Kapoor ya fara fitowa jarumi, ya kuma ci kyautar Filmfare ta sabon jarumi.

Fara da littafin kafin ka kunna fim. Wannan ba ya cin fiye da zama ɗaya: wani saurayi marar suna, mai yawan mafarkin ido biyu, ya haɗu da yarinya a St. Petersburg tana jiran wanda ya yi mata alkawarin dawowa bayan shekara. Dare huɗu ne da safiya ɗaya. Ka raba takarda gida biyu, a hagu ka rubuta abin da labarin ba zai tsaya ba in babu shi, kada ya wuce biyar. A nan akwai kaɗaicin saurayin, da jiran yarinyar, da kakarta makauniya da ke maƙale rigar jikar a tata da fil, da dawowar masoyin, da wasiƙar safiya. Gidan dama na abin da fim ya yi da kowanne ne.

In ka je shagon tura fina-finai a Sabon Gari ko Tudun Wada, ka ce na asali kake so, mai rubutun fassara a ƙasan allo. Indiya-Hausa na da daɗin kallo, sai dai muryar da kake ji ta mai fassara ce, yakan kuma cusa barkwancin da babu shi a asali. Da ita ba za ka iya auna jarumi ba.

A kallo na farko ka riƙe agogo. Rubuta minti nawa kowace waƙa ta ci, kuma bayan ta ƙare ka tambayi kanka ko labarin ya matsa. A nan yawancin irin waɗannan fina-finai ke karyewa. Labarin da ake karantawa cikin sa'a ɗaya ko biyu an ja shi ya haura sa'a biyu a allo, dole a cika gurbin da waƙoƙi da sababbin mutane, kamar matar da Rani Mukerji ta fito a matsayinta, wadda babu ita a littafin. Matsala ta biyu ta fi girma. Ƙarfin littafin yana cikin zancen zucin saurayin, kyamara kuwa ba ta ganin zuci. Bhansali ya maye gurbinsa da ado: gari na ƙage da aka gina a ɗakin ɗaukar fim, komai shuɗi da kore, ba rana, ba ƙura. Ido yana ƙoshi, amma mutumin da ya kamata a ji kaɗaicinsa ya koma mawaƙi mai fara'a, sai tushen labarin ya tafi.

Jarumin kuma kallo na biyu ne nasa. Zaɓi fitowa uku: inda yake murna, inda yake sauraro, da inda aka bar shi. Kashe sauti, ka bar fuskar mai magana, ka zuba masa ido shi kaɗai. Ɗan koyo yakan daskare har layinsa ya zo, hannuwansa sun rasa wurin zama. Mai makoma kuwa za ka ga maganar abokin wasansa tana sauka a fuskarsa kafin ya buɗe baki. Duba fitowar ƙarshe, lokacin da Sakina, yarinyar fim ɗin, ta koma wurin Imaan, masoyin da take jira: abin lura shi ne yadda Ranbir ke ƙoƙarin riƙe murmushi alhali idonsa ya riga ya karaya. Ka kuma gwada shi kusa da tsohon hannu, Zohra Sehgal mai gidan hayarsa, ka ga ko ta shafe shi ko ya tsaya da ƙafarsa. Tsalle-tsallen da ya yi yawa a farkon fim ɗin kada ka ɗora masa duka, domin darakta ne ke cewa a ƙara ko a rage.

In za ka rubuta, ware sakin layi ga kowanne cikin ukun, wato darakta da labari da jarumi, ka ambaci fitowar da ka dogara da ita da mintinta. Mai son gwaji na gida ya nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, ya jera shi da fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, da irin wannan takardar mai gida biyu.