Babi na 7: Shirin Doguwar Tafiya da Babur a Hanyar Burji

Darasi na 1: Rubuta hanya

Wannan babin na masu babur ne da ke barin Zariya su nufi ƙauyuka masu nisa, ko sayen hatsi, ko kai taki gona, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar rasuwa. Idan ka fita ta Kwangila ka bi Samaru da Shika ka nufi Giwa, ko ka ƙetare Galma ka kama hanyar Maigana da Soba da Pambeguwa, kwalta za ta raka ka zuwa wani wuri. Daga inda ka sake ta ka faɗa burji, gidan mai ya ƙare, mai faci sai ranar kasuwa, sabis ɗin waya ma ɗaukewa yake yi. Saboda haka a gida ake gama shiri, kuma a rubuce.

Ɗauko littafinka da biro. Buɗe sabon shafi, wanda ba a rubuta komai a kai ba. A can sama rubuta Zariya. A ƙarƙashinta rubuta garin da za ka fara tararwa. A ƙarƙashin wannan, wanda ke bi masa. Gari ɗaya, layi ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, har ka kai inda za ka sauka. In sunan gari ya yi maka wuyar rubutawa, faɗe shi a hankali, gaɓa-gaɓa: Pam, be, gu, wa. Ba gasar kyan rubutu muke yi ba, in dai kai za ka iya karantawa, ya wadatar.

Yanzu ja layi a ƙarƙashin garin da ke da gidan mai na ƙarshe. In ba ka sani ba, tambayi 'yan acaɓan da ke bin hanyar kullum. Kada ka ce musu "da nisa?" Za su ce maka nan ne, ba nisa, kuma ba a lissafi da wannan amsar. Ce musu: "Lita nawa kuke sha zuwa can?" Abin da suka faɗa, rubuta shi a gefe.

Darasi na 2: Karanta mitar babur

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada ka ji kunya. Wasu dattawan da suka shekara ashirin a kan babur ma ba su taɓa karanta ta ba, domin ba wanda ya taɓa nuna musu.

Dubi gaban baburinka, tsakanin hannuwa biyu, inda gilashi mai kama da agogo yake. Abu biyu ne a ciki. Akwai allura mai tashi idan ka ja totur. Gudu take nunawa, ba ruwanmu da ita yau. Akwai kuma 'yar taga mai lambobi a jere. Ita muke nema. Ita ke ƙidaya kilomitocin da babur ya ci tun yana sabo.

Ƙirga lambobin daga hagu, wato ɓangaren hannun kuloci, zuwa dama, ɓangaren totur. A yawancin baburan da muke hawa, lambobi shida ne. Biyar na farko launinsu ɗaya. Ta shida, ta can ƙarshen dama, launinta dabam, fara ko ja. Wannan ta ƙarshen ba cikakkiyar kilomita ba ce. Sai lambarta ta canza sau 10 kafin a samu kilomita 1. Kamar kwabo take a gefen naira. Ba ma rubuta ta.

Ɗora babban yatsanka a kanta, ka rufe ta. Ka rufe? To, karanta biyar ɗin da suka rage, ka rubuta.

Misali, tagar ta nuna 2 4 3 1 5, sannan 7 a farin gida. Yatsa a kan 7. Abin da za ka rubuta shi ne 24315. Ƙirga abin da ka rubuta. In biyar ne, madalla, ka yi daidai. In shida ne, ka kwafo ta ƙarshen, soke ta. Ba laifi, kowa da haka ya fara.

Mu sake. Taga ta nuna 0 8 9 2 0, sannan 3 a farin gida. Me za ka fara yi? Yatsa. Me za ka rubuta? 08920. Sifirin farko ma rubuta shi, don lambobin su zauna daidai idan mun zo ɗebewa.

In mitarka irin ta zamani ce mai haske, za ka ga ɗigo kafin lamba ta ƙarshe. Abin da ke bayan ɗigo, shi ma yatsa. In kuwa lambobin ba sa motsi ko ka yi tafiya, wayar mitar ce ta tsinke, wadda ta gangara zuwa tayar gaba. Kai wa bakanike ya sa sabuwa kafin darasi na gaba.

Kafin ka juya shafi, fita waje, je wurin baburinka, rufe ta ƙarshe da yatsa, rubuta biyar.

Darasi na 3: Nawa baburinka ke sha?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai zuba fetur da ka. Kuma kada ka ɗauki lissafin maƙwabci. Boxer ɗinka da Jincheng ɗinsa ba shansu ɗaya ba, kai ko Boxer biyu ma sukan bambanta in ɗaya ya tsufa.

Je gidan mai ka ce a cika tanki. Kafin ka tashi, yatsa a kan ta ƙarshe, rubuta biyar. Mu ce 24315. Ci gaba da harkokinka kwana biyu ko uku. Koma gidan man, a sake cikawa fal kamar na farko. Yatsa a kan ta ƙarshe, rubuta biyar. Mu ce 24475.

A wannan cikawa ta biyu, dubi fuskar famfon. Layi uku ne: kuɗin da za ka biya, yawan lita, da farashin lita ɗaya. Wanda aka rubuta LITRE a gefensa shi za ka kwafa. Kada ka kwafi kuɗin. Mu ce lita 4.

Rubuta sabuwar lamba a sama, tsohuwar a ƙasa, kowace lamba a saitin 'yar uwarta. Fara ɗebewa daga dama. 5 a cire 5, saura 0. 7 a cire 1, saura 6. 4 a cire 3, saura 1. Sauran biyun iri ɗaya ne, ba abin da ya rage. Amsa 160. Ka yi tafiyar kilomita 160 da lita 4. Raba 160 gida 4, ka samu 40. Ke nan lita 1 tana kai ka kilomita 40.

In amsar ɗebewarka ta fito 1600 ko wani abu mai kama da haka, kada ka ce baburinka ya yi abin mamaki. Ba ka sa yatsa ba ne. Koma darasi na 2.

Wannan 40 ɗin ta kwalta ce, kai kaɗai. A burji za ka daɗe a ƙaramar giya, ga yashi, ga gargada, ga buhu a baya. Rage ta, yi lissafi da 30. Mu ce tafiyarka kilomita 120 ce. Ba 120 za ka raba ba, domin za ka dawo. Zuwa 120, dawowa 120, jimla 240. Raba 240 gida 30, lita 8. Ƙara 2 saboda ɓatan hanya da zagaye kwazazzabo. Lita 10.

Jama'a, a nan zan ɗan yi faɗa. Aikin gida na wannan darasin, rabin littattafan da ake kawowa lambobi shida ne a ciki. An faɗa, an maimaita, an zana a allo. Wasu kuma ba su je gidan man ba sam, a zaune suka ƙirƙiro lamba don su huta da malam. Malam ba ya bin ka daji. Kai ne za ka tura babur da buhun masara cikin rana, ko ka sayi na kwalba wurin 'yan bumburutu da tsada, wanda ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Ku magidanta ne, wasunku sun haife ni, ba na jin daɗin yi muku irin wannan magana. Yatsa a kan ta ƙarshe, a rubuta biyar. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba.

Darasi na 4: Kalmomi uku a makunnin mai

A ƙasan tanki, yawanci ta hagu, akwai ɗan makunni da rubutu uku: ON, OFF, RES. ON, mai yana tafiya. OFF, an rufe. RES shi ne rizab, ɗan ragowar da ke gindin tanki. A kan ON ake tafiya. In babur ya fara shaƙewa, juya zuwa RES ka nemi mai. Da an zuba maka, mayar da shi ON nan take. Wanda ya bar shi a RES, ranar da man ya ƙare, ya ƙare gaba ɗaya. Kwafi kalmomin uku sau biyar-biyar.

Darasi na 5: Babur da kaya

Kwana biyu kafin tafiya kai babur wurin bakanike, kada ka bari sai ranar. A canza baƙin mai, a wanke filtar iska, musamman da hunturu lokacin ƙura. A duba birki da fitila. Taɓa sarƙa daga tsakiya, ta yi wasa kamar faɗin yatsa biyu, kada ta ɗaure tamau, kada ta yi lako-lako.

A jaka: tub guda, kayan faci, famfo, fulogi da sifanarsa, filaya, wayar kuloci, tocila, ruwan sha. Kaya mai nauyi a ƙasa, a ɗaure da roba sosai. Hular kwano a ka, doka ce da aka fara tilastawa tun Janairun 2009. Takardun babur da katin shaida a leda, a aljihun gaba.

A kan tsakuwa kada ka damƙe birkin gaba, tayar za ta zame. Taka na baya a hankali. A yashi sauko giya, kada ka saki totur farat ɗaya. In ka tarar da rafi da damina, musamman a watan Agusta, sauka ka tambayi mutanen wurin.

Darasi na 6: Lokaci da tsaro

Fita bayan sallar asuba, isa kafin la'asar. Ba a bin burji da dare. Tambayi halin hanya ana gobe tafiya, sannan ka sake tambaya da safe, musamman ɓangaren Giwa da Birnin Gwari. Tambayi doka kuma: a 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wani lokaci, ta hana sayar da mai a jarka a wasu ƙananan hukumomi. Kada ka ɗauki jarka sai ka tabbatar an yarda. A shingen jami'ai ko 'yan sintiri, kashe babur, cire hula, yi sallama.

Kwafi shafin garuruwan nan na darasi na 1 ka bar wa iyali. Lambar 'yan Road Safety 122.

Darasi na 7: Gwaji

Mitar farko 0 8 9 2 0 da 3. Mita ta biyu 0 9 1 0 0 da 8. An zuba lita 4. Lita 1 kilomita nawa take kaiwa? A kawo amsa ranar Asabar.