Babi na 7: Yankan Albashi da Rauni a Bakin Aiki

Ma'aikata da yawa a nan Jos, daga masu injin yanka katako zuwa leburorin gini a Bukuru, suna karɓar albashi ba tare da sun duba takardar biya ba. Sai ranar da kuɗi ya zo a gutsure ake fara tambaya. Wannan darasi zai nuna maka inda doka ta tsaya.

Idan akawu ya yi kuskure ya turo maka fiye da albashinka, rarar ba taka ba ce, haƙƙin mai kamfani ce. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba shi damar karɓar abinsa, amma ya kafa masa iyaka biyu. Rarar da zai cira daga albashi ita ce wadda aka biya cikin wata 3 kafin watan da aka gano kuskuren. Sannan duk abin da za a yanka a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan.

Ɗauki fensir mu lissafa. A ce albashinka ₦90,000 ne, sai aka turo maka ₦110,000 a Maris da Afrilu da Mayu, aka gano a Yuni. Rara ta kama ₦60,000. Kashi ɗaya cikin uku na albashinka ₦30,000 ne, don haka sai an yi aƙalla wata biyu ana cira. Ogan da ya riƙe albashin Yuni ɗungurum ya taka doka, ko da kuwa da gaske yana bin ka. Wannan kariya ta masu aikin ƙarfi ce da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru kuwa, takardar ɗaukar aikinsu ce ke magana.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Zarto ya yanke wa yaro yatsa, ko lebura ya faɗo daga saman gini. Oga ya miƙa masa kuɗin magani, ya ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe, ka huta." Ƙarshen wata ba albashi, wai bai zo aiki ba. Shi kuma ya ce ya bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma yara a gida tuwo za su ci, kuma neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne.

Sashe na 16 ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara tare da albashi, muddin likita mai rajista ya ba da takarda. Saboda haka a je asibiti, a karɓi takarda mai hatimi da kwanan wata. Mai ɗori a unguwa ko ya iya aikinsa, ba shi da takardar da ofis zai karɓa.

Raunin bakin aiki kuma yana da tasa dokar, wato Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai riƙe da asusun diyyar ma'aikata, ke kula da ita. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, kuma ba a yarda ya cire ko sisi daga naka don haka ba. Har hatsarin da ya same ka tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Idan rauni ya nakasa mutum har ba zai sake iya aiki ba, diyyarsa kashi 90 cikin 100 ce ta albashinsa, ana biya wata-wata.

Riƙe waɗannan ranaku. Ka sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta shiga cikin shekara 1. Sanarwar baki tana ɓata, don haka rubuta: sunanka, rana da lokaci, wurin da abin ya faru, irin raunin da abin da ya jawo shi. Yi kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya, ka adana. Idan kana kwance, matarka ko ɗan'uwanka ya kai.

Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ko an sa ka rubuta cewa ka yafe diyya, doka ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Idan oga ya ƙi sauraro, tafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko ƙungiyarku. In abin ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Jos.

Aikin aji: Mai gadi yana karɓar ₦75,000 a wata. Nawa ne iyakar abin da za a iya yanka masa? Bayan haka, rubuta wa ogan wurin aikinka sanarwar rauni mai layi biyar, ka sa kwanan watan yau, ka karanta wa na kusa da kai.